Allon da Ake Tsayarwa

Duk wanda ya san ni a babbar kasuwar Tamale zai shaide ni da abu ɗaya: ba na ciniki a cikin duhu. Ko mai saye ne ya zo rumfata, sai na ce ya fita da shaddar waje ya duba ta a rana, ya juya ta dama da hagu, don launin da fitila ke nunawa sau da yawa ƙarya ne. Wannan na koya tun ina yaron shago a Kantin Kwari, da shi kuma na sauka Tamale a 2007, shekarar da Gana ta sauya kuɗinta aka zubar da sifili huɗu. To ga shi yau ni ne zan ba ku labarin yadda na fasa talabijin ɗin uwargida da hannuna, na kuma je na sayo allon da bai yi ba, duk a cikin wata guda, duk saboda wani ɗan jirgin sama da bai kai tsawon yatsana ba.

Autana shekararsa 14, a nan aka haife shi. Dagbanci a bakinsa kamar ɗan gari, Turanci na makaranta, Hausarsa kuwa irin ta Zango ce, wadda ba ruwanta da raba mace da namiji. Sai ka ji ya ce "Mama ya tafi kasuwa", in gyara masa, ya yi shiru. Na daɗe ban farga ba cewa gyaran nan kusan shi ne dukan hirar da ke tsakaninmu. In ba "ka yi salla?" ba, to "ina sakamakon jarrabawa?", in ba shi ba, to "ba haka ake faɗa ba". Mu fatake mun san wannan ciwo ko da ba ma faɗa. Ka yi sati uku a hanya, ka dawo da tsaraba da gajiya, ka tarar yaro ya ƙara tsawo, ba ka ma san da wa yake yawo ba.

Wani maƙwabcina mai sayar da hatsi a Aboabo shi ya sanar da ni. Bayan Isha'i ya ja ni gefe ya ce yaron na yini a wani gidan gem da ke bayan unguwarmu, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a talabijin. Ƙwallon bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne da ya ce manyan samarin wurin suna ɗora kuɗi a kan wasan, ƙananan suna tsaye suna koya. Na so in yi abin da mahaifina zai yi, wato tsawa da bulala. Uwargida ta ce, "Alhaji, in ka hana shi can, me ka ajiye masa a nan?" Ban da amsa. Ƙanenta da ke Italiya ne ya fitar da mu, ya aiko wa yaron PlayStation 4 ta hannu, aka jona ta da talabijin ɗin falo. Yaro ya fara zama a gida. Zama dai kawai, shi da na'urarsa, ni da rediyona.

Wata rana da dare na zo wucewa sai na hango teku shuɗi a allo, da ɗan jirgi mai jela biyu yana harbi sama, wasu jirage na gangaro masa. Na tsaya cak. Ashe yaron ya sauko da wani tarin tsofaffin wasanni mai suna Capcom Arcade Stadium, wanda ya fito a 2021, don akwai wasa ɗaya a ciki da ake bayarwa kyauta, sunansa 1943. Ni yayansa na sani, 1942. A ƙarshen shekarun 1980 akwai wani shago a Sabon Garin Kano da ke da akwatin wasan nan, dogo kamar kabad, da sanda ɗaya da maɓalli biyu, ɗaya na harbi, ɗaya na wuntsila gudidi a sama in an rutsa da kai. In maigidana ya aike ni kai kaya, kuɗin abincina a nan suke ƙarewa. Na sha mari a kan jinkiri fiye da sau ɗaya, kuma ban taɓa faɗa masa gaskiyar inda na tsaya ba, Allah ya jiƙansa. Sai da na manyanta na san cewa kamfanin Capcom na birnin Osaka ne ya yi wasan a 1984, wato mutanen Japan ne da kansu suka yi wasan da kake tuƙa jirgin Amurka kana kakkaɓo jiragen Japan. Ɗan kasuwa ko'ina ɗan kasuwa ne.

Na ce, "Auta, miƙo nan." Ya dube ni kamar na ce zan hau keke da babbar riga. Hannun gem ɗin ya yi mini wani iri, amma ido bai manta ba, ya san ba jirginka ake kallo ba, inda harsashi zai faɗo ake kallo. A karo na uku na wuce inda shi ya tsaya. Ya ce, "Baba, a ina ka iya?" Wallahi tun da aka haifi yaron nan bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Daren nan har ƙarfe 11 ina ba shi labarin Kano, kuma shi ke tambaya.

Daga nan shaiɗan ya shigo ta ƙofar kwaɗayi. Na ce masa ai na Kano ya fi wannan daɗi, don allonsa a tsaye yake, dogo, kana hango abokan gaba tun daga nesa. A talabijin kuwa wasan ya takure a tsakiya kamar kyallen tsakiyar riga, dama da hagu duk ado ne kawai. Yaron ya shiga saitin wasan ya nuna mini wurin da ake juya hoton ya kwanta a gefe. Ya ce masu irin waɗannan wasanni suna kiran wannan tate, kalmar Japananci ce mai nufin tsaye. Dalilin kuwa a fili yake. Wasannin harbi da ake tafiya sama, irin su Galaga na 1981 da Xevious da Raiden na 1990 har zuwa Ikaruga na 2001, a kan allon da aka tsayar aka ƙera su, faɗi kashi 3 tsawo kashi 4. Na'urar gida ba ta san ka juya allo ba. Wasan ne zai juya hotonsa, kai kuma ka juya allon da hannunka su haɗu.

Kun ga inda zancen ya nufa. Wata Lahadi uwargida ta tafi biki, na kwance ƙafafun talabijin ɗinta mai inci 32, na tsayar da shi a gefensa a kan tebur, na jingina shi da bango, na tokare da filo biyu. Yaron ya ce, "Baba, zai faɗi." Na ce masa na ɗaure kaya a kan mota tun ba a yi auren uwarsa ba. Mun yi wasa kamar rabin awa, kuma gaskiya ya yi kyau, sai jikata ta shigo da gudu ta taka wayar. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Da muka ɗaga, rabin allon ya koma baƙi da wasu layuka kamar an watsa tawada. Mai gyara ya ce kuɗin sauya gilashin cikin ya kusa kuɗin sabo.

Ba zan maimaita abin da uwargida ta faɗa ba. Abin da ya fi zafi shi ne shirun da ta yi bayan nan, da yadda take zuwa gidan maƙwabta kallon shirinta na Arewa24 ba tare da ta ce mini komai ba. Na ciro kuɗi daga jari, ana dab da kakar Salla, lokacin da kowane sidi ya kamata ya zama yadi a rumfa, na sayo mata sabo. Ta karɓa da sharaɗi ɗaya: wayar gem ba za ta ƙara taɓa shi ba. Na'ura ta koma cikin kwali. Kwana uku bayan haka maƙwabcina ya sake ganin yaron a gidan gem.

Kunya da gaggawa suka sa na yi kuskure na biyu. Ban shawarci yaron ba, don ina ganin ya isa haka a ce ɗa ya ga wautar ubansa sau ɗaya. Na shiga wani shagon kayan kwamfuta a cikin gari na ce ina son monita mai juyawa. Aka nuna mini wani na hannu, irin waɗanda ake saukewa a Tema daga ofisoshin Turai, wuyansa na juyawa sumul, farashi da sauƙi. Aka kunna mini shi a kwance, na ga haske, na biya. Ni da nake korar mutane rana su duba shadda! A gida muka tsayar da shi, muka zauna kafaɗa da kafaɗa, sai yaron ya ce shi duhu yake gani, ni kuma a wajena teku ya koma fari fat kamar an wanke shi da bilic. Muka yi musayar wuri, abin ya juya. Ko mutum ɗaya ne ya zauna daidai tsakiya, bayan minti goma ido zai fara yaji, don abin da idon dama ke gani ya ɗan saɓa da na hagu.

A nan ne na sauke girman kai na ce, "Auta, yi mini bayani." Ya ɗauko wayarsa ya yi ta bincike, washegari ya zaunar da ni kamar ɗalibi. Ya ce gilashin monita iri-iri ne. Akwai mai araha da ake kira TN, wanda in ka dube shi ta gefe ba laifi, amma in ka dube shi ta ƙasa sai ya yi duhu, ta sama kuma ya koɗe. A ofis ba wanda ya damu, don kowa a gabansa yake zaune. To da zarar ka tsayar da shi, sama da ƙasan nan sun zama dama da hagu, aibin da ke ɓoye ya dawo daidai inda mutum biyu ke zama. Wanda ake nema shi ne IPS, mai riƙe launinsa ta kowace kusurwa. Na ce to ai wannan shi ne bambancin shadda mai rini na gaske da wadda ake yaudarar ido da ita. Ya ce bai san shadda ba, amma haka ne. Mai shagon ya karɓi kayansa bayan doguwar magana, ya yanke wani abu daga kuɗin. Ban yi jayayya sosai ba, don bai ɓoye mini komai ba, ni ne ban san abin da zan tambaya ba.

Yaron ya kuma yi wani lissafi da har yau in na tuna sai na yi dariyar takaici. Monita mai inci 24 faɗinsa kusan santimita 53 ne, tsawonsa 30. In yana kwance, wasan zai samu tsawon 30 da faɗin kusan 22. In an tsayar da shi, sai ya samu faɗin 30 da tsawon 40, ya kusa ninki biyu a fili. Sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, ka san talabijin ɗin Mama mai inci 32, a kwancensa tsawonsa nawa ne?" Na ce a'a. Ya ce kusan 40. Wato girman hoton da nake ta wahalar nema yanzu, shi nake da shi tun farko a falo, ba tare da na kwance ƙafa ko ɗaya ba. Na roƙe shi kada wannan lissafi ya kai kunnen uwarsa. Ga shi yanzu na rubuta shi da kaina.

Da hutun makaranta ya zo, tafiyata ta sarin atamfa a Kumasi ta taso, na ce ya shirya mu tafi tare, ya sa na'urar a jakarsa. Bai taɓa bina fatauci ba. Tafiyar ta fi kilomita 350, ta Yapei da Buipe da Kintampo da Techiman. Da muka hau gadar Buipe na nuna masa ruwa, na ce kakanninmu da jakuna suka riƙa zuwa ƙasar nan ta Gwanja neman goro, wata da watanni a hanya daga Kano zuwa Salaga, su kawo kanwa da baƙin yadi da fatu. Ya tambaye ni ko su ma suna barin 'ya'yansu a gida. Na ce wasu suna bari, wasu kuma a nan suka yi sababbi, shi ya sa ake da Zango. Ya yi shiru yana kallon taga, can ya ce, "Shi ya sa Hausarmu ya bambanta." Na buɗe baki zan ce "ta bambanta", sai na mayar da shi na rufe.

A Adum muka shiga shago uku kafin mu dace, kuma shi ya yi cinikin ido, ni na yi na baki. A kowane shago sai ya nemi a bar shi ya jona na'urarsa, wanda ya ƙi mu wuce. Shawarata ga duk mai niyya ke nan: ka tafi da na'urarka da wayarta, kada ka yarda da gwajin da mai kaya zai yi maka da tasa kwamfutar. Monita na farko da ya burge ni, babba mai kyan gilashi, ashe ba shi da ramin HDMI, tsofaffin ramuka kawai gare shi. Ana iya sa mahaɗi, amma yaron ya ce ƙarin wahala ne. Na biyu gilashinsa IPS ne, sai dai ƙafarsa sunkuyawa kawai take yi. Mai shagon ya nuna mana ramukan sukuru huɗu a bayansa, santimita 10 tsakanin kowane biyu, ya ce ma'auni ne na duniya da ake kira VESA, za mu iya sayen hannun ƙarfe mai juyawa mu ɗaura. Dabara ce mai kyau ga wanda ya riga ya mallaki monita, kuma ko talabijin ne, da irin wannan ƙarfen ya kamata in kafe shi a bango maimakon filo. Amma da muka haɗa kuɗin biyun sai ya zarce na uku.

Na ukun irin na ofis ne, inci 24, ƙafarsa tana ɗagawa tana juyawa. Akwai ɗan'uwansa mai inci 27 a gefe, raina ya biya, yaron ya hana. Ya ce in aka tsayar da shi tsawonsa zai kai santimita 60, a kan ƙaramin tebur sai ka riƙa ɗaga kai kana saukewa, harsashi kuwa ba ya jira. Ya sa farin hoto ya bi allon da ido yana neman matattun ɗigo, ya sa baƙi ya sake bi. Ya duba ko ɓangaren da wuyan ke juyawa ya dace da yadda wasan ke juya hoto, don wasu ƙafafun gefe ɗaya kawai suke zuwa. Sannan ya yi ta latsa maɓalli yana kallon jirgin. Na ce me kake nema kuma? Ya ce jinkiri. Wasan yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, wasu talabijin kuwa sukan tsaya gyaran hoto kafin su nuna shi, sai ka latsa jirgi ya motsa a makare, a irin wannan wasa kuwa makara kaɗan ita ce mutuwa. Monita galibi bai cika wannan ba. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, zauna nan." Muka jawo benci a cikin shagon mutane, muka zauna gefe da gefe, na leƙa ta dama ya leƙa ta hagu, teku yana nan shuɗi a wajen kowa. Sai a lokacin na fara tayi. Saurayin shagon, ɗan Zango ne shi ma, ya ce, "Alhaji, wannan yaron naka ka ba ni shi ya riƙe mini shago." Na ce yana da rumfar da ke jiransa.

Abu ɗaya muka manta, sai a gida muka gane: monitan ba shi da lasifika, ba shi ma da ramin da za a jona ta. Na ce shi ke nan, an kuma. Yaron ya yi dariya, ya nuna mini ɗan ramin abin saurare da ke ƙasan hannun gem ɗin, ya shiga saiti ya tura dukan sautin can, ya jona wata ƙaramar lasifika da waya. Ta ɗan yi nauyi a hannu amma tana aiki. Akwai kuma abin da sai an saba. Kafin ka juya allon dole ka ɗaga shi har ƙarshe, ka ɗan kwantar da shi baya, in ba haka ba kusurwarsa za ta daki tebur, kuma ka bar wa wayoyi sarari kada su fizge. Shafin farko na na'urar ba ya juyawa, don haka kafin ka shiga wasan sai ka karkata kai kamar ƙadangare. In zai buga ƙwallonsa ya kwantar da allon, in na dawo kasuwa ya tsayar. Na haɗa shi da stabilaiza saboda hawa da saukar wuta, uwargida kuma, da ta huce, ta ɗinka masa riga da ragowar yadi saboda ƙurar hunturu, wadda duk mazaunin Tamale ya san ba ta jin rufe taga.

Ranar da ta fara ganinsa a tsaye ta daɗe tana kallo, ta ce, "Oh, allo ya koma allo ke nan. Saura tawada." Sai na lura da gaske kamarsa ɗaya da wanda muka riƙe a gaban malam muna yara. Ta kafa doka a nan take: ba a tsayar da wannan sai an wanke wancan, kuma ƙarfe 10 a kashe. Dokar ta hau kaina ni ma.

Ba zan ce muku yaron ya daina zuwa gidan gem ba. Ran Asabar yakan je, na sani, shi ma ya san na sani, kuma yanzu yana faɗa mini wa ya ci wa, har da sunan wanda ya yi asarar kuɗin makarantarsa a caca. Jarin da na taɓa bai gama dawowa ba, kakar Sallar nan da rabin kaya na yi ta. Na saya mana 1942 don tunawa da Sabon Gari, amma shi bi-da-bi ake yinsa, don haka mun fi zama a kan 1943, wanda mutum biyu ke tashi tare, jirgi biyu a sama ɗaya. Ya riga ya fi ni nesa ba kusa ba. Aikina yanzu in tsare ɓangaren hagu, in kuma bar masa makamin da ya faɗo.

Jiya muna tsakiyar artabu da wani ƙaton jirgin ruwa, mai na ƙarewa, sai aka ƙwala kira daga tsakar gida. Bai ɗauke ido daga allo ba ya ce, "Baba, Mama ya ce tuwo yana hucewa." Na ce, "Ce mata muna zuwa. Kai, ga su nan ta samanka, wuntsila!"